Ciwon Sukari da Ƙarfin Ƙafa

Laccar wannan wata, domin karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

 

Laccar wannan wata a kan ƙafa take. Ƙafa ita ke kai manomi gona, ita ke kai mace rijiya, ita ke kai mai sayar da dabba kasuwar Sheme. Ran da ƙafar maigida ta gaza, noma ya tsaya, abincin gida kuma ya shiga wani hali. To, akwai cutar da ke cin ƙarfin ƙafa a ɓoye, ita ce ciwon sukari.

A da ana cewa ciwon sukari cutar masu kuɗi ce da mutanen birni. Yau ta shigo ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 masu wannan ciwo miliyan 200 ne a duniya, amma zuwa 2022 sun kai miliyan 830. Ta kuma ce ƙaruwar ta fi sauri a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Yadda sukari ke cin ƙafa

Tuwon masara da na dawa da shinkafa da fura, duk suna komawa sukari a cikin jini. Jiki yana da wani sinadari mai suna insulin, shi ke shigar da sukarin cikin tsoka don mutum ya sami ƙarfin aiki. A jikin mai ciwon sukari, insulin ɗin bai isa ba, ko kuwa ba ya aiki sosai. Saboda haka sai sukari ya taru a jini.

Idan aka yi shekaru a haka, sukarin yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin da suka fi tsawo su ne masu zuwa yatsun ƙafa, don haka daga can ɓarnar ke farawa. Likitoci sun ce kusan rabin masu ciwon sukari suna iya gamuwa da wannan matsala.

Mai lafiya idan ya taka dutse ko rami, nan take tafin ƙafarsa ke sanar da ƙwaƙwalwa, jiki ya gyara tsayuwa tun shi bai ankara ba. Idan jijiya ta lalace, saƙon yakan makara, sai mutum ya riƙa tangaɗi. Abin ya fi tsanani da dare, lokacin da ido ba ya taimakon ƙafa. Ga shi kuma ciwon sukari yana rage gani.

Bayan jijiya, tsoka ma tana raguwa. Cinya da sharaɓa su saki, idon sawu ya rage ƙarfi. Tsufa yana kawo haka ga kowa, amma ga mai ciwon sukari abin ya fi sauri.

Alamomin da za a lura da su

Ƙafa tana zugi ko raɗaɗi, musamman da dare, ko mutum ya ji kamar ana tsira masa allura. Tafin ƙafa ya mutu, kamar ana tafiya a kan auduga. Takalmi ya fita daga ƙafa mai shi bai sani ba. Mutum ba ya iya tashi daga tabarma sai ya dafa bango ko an kama shi. Yawan tuntuɓe ko da a fili ne. Duk wanda ya ga irin waɗannan alamomi, ya je a auna jininsa.

Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 abin ya fi shafa. A ƙasar Ƙanƙara da Faskari akwai duwatsu da kwazazzabai, da damina kuma ga taɓo da santsi ko'ina har Sabuwa. Dattijon da ya faɗi ya karya ƙugu, sau da yawa sai an kai shi Funtuwa, ko Katsina, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Ga kuɗin mota, ga na magani, ga gona babu mai kula. Rauni kuma yana jinkirin warkewa a jikin mai ciwon sukari.

Yawan zama yana ƙara cutar

Idan ƙafar dattijo ta fara rauni, 'ya'yansa sukan ce, "Baba, ka zauna ka huta." Tausayi ne ya sa su faɗin haka, amma yawan zama yana ƙara kashe ƙafa. Ban da haka, babur ya rage tafiyar ƙasa. Matsalar tsaro kuma ta raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa, wasu ma ta mai da su zaman gari.

Tsokar ƙafa kamar murhu ce, sukari kuwa shi ne itacen. Mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci tsoka ce ke ƙona shi, kuma manyan tsokokin jiki suna cinya da ɗuwawu. Idan ana motsa su, sukari ya sauka, ƙafa kuma ta yi ƙarfi. Idan aka bar su zaune, murhun ya mutu, itace ya taru.

Motsa jiki iri biyar da za a yi a gida

1. Tafiya. Minti 30 a rana, kwana 5 a mako, watau minti 150 ke nan, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020. Wanda bai saba ba ya fara da minti 10 bayan cin abinci. Mace tana iya zagaya tsakar gida.

2. Tashi da zama. A jingina benci ko kujera mai ƙarfi da bango. Mutum ya zauna, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya miƙe tsaye, ya koma a hankali. Ya yi sau 10, ya huta, ya sake. Wanda bai iya ba ya fara da dafawa.

3. Ɗage. Ya dafa bango, ya ɗaga dunduniya ya tsaya a kan yatsu, sannan ya sauko sannu a hankali. Sau 10.

4. Tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ya dafa bango, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ƙirga zuwa 10, ya sauya.

5. Tafiya bisa layi. A ja layi a ƙasa kusa da bango. Ya taka layin, dunduniyar ƙafar gaba tana taɓa yatsun ta baya, taku 10.

Na 2 da na 3 suna ƙara ƙarfin tsoka, a yi su aƙalla kwana 2 a mako. Na 4 da na 5 suna hana tangaɗi, wanda ya kai shekara 65 ya yi su aƙalla kwana 3 a mako. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abin da za a kiyaye

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara neman shawarar malamin asibiti. Mai gyambo a tafin ƙafa kada ya yi doguwar tafiya sai ya warke. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya dakata nan take.

Mai yin allurar insulin, ko mai shan wasu ƙwayoyin sukari, sukarinsa yana iya sauka fiye da kima. Alamarsa ita ce zufa da makyarkyata da yunwa mai tsanani. Saboda haka ya riƙa yawo da ƙwayar sukari 3 ko 4 a aljihu, ya sha da zarar ya ji haka. Motsa jiki kuma bai ɗauke shan magani ba.

Kada mai ciwon sukari ya yi tafiya ba takalmi, ko a cikin gida. Ya zazzage takalmin kafin ya sa, don ƙaya ko tsakuwa. Kowace rana ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, ko ya sa ɗansa ya duba masa. Bayan wanka ko alwala ya goge tsakanin yatsu, ya shafa mai a kan faso da kaushi. Da hunturu kada ya miƙa ƙafa kusa da wuta, ya kuma yi hattara da salansar babur, domin ƙafar da ta mutu tana ƙonewa mai ita bai ji ba.

Inda za a je

Ana auna sukari da ɗigon jini daga ɗan yatsa, a babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, da ma ƙananan asibitoci da dama. Idan an auna da safe kafin a karya, aka ga 126 ko sama, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to ciwon sukari ne. Wasu na'urorin suna nuna wannan adadi da 7. Mai ciwon ya roƙi ma'aikacin lafiya ya duba ƙafafunsa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Aikin aji

Ga inda karatu zai yi rana. Kowane ɗalibi ya nemi mai ciwon sukari ɗaya a gidansu ko a unguwarsu, ya karanta masa wannan lacca. Ya zaunar da shi a benci, ya duba agogo, ya ƙirga sau nawa zai iya tashi ya zauna cikin rabin minti. Ya rubuta adadin da kwanan wata a littafinsa. Bayan wata guda ana motsa jiki a sake ƙirgawa. Idan adadin ya ƙaru, alhamdu lillahi. Idan yana raguwa, a tafi asibiti da littafin a nuna wa malamin lafiya.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya bar kowa a kan ƙafafunsa. Amin.