Zaman Baƙo A Ikko

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:1-11

Daga Mando muke magana da ku, a arewacin Kaduna, inda tashar nan take da ake kira garejin Legas. Kullum motoci suna tashi da 'ya'yanmu da ƙannenmu, wasu za su aikin gadi, wasu sayar da kayan gwari. Maganarmu ta yau tasu ce, da ta iyayen da suke sallamarsu.

Zuwa Ikko ba yau aka fara ba. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, 'yan Arewa suka riƙa gangarawa da shanu suna komowa da goro, har Agege ta zama gida ga Hausawa da yawa. A 1991 aka mai da babban birnin ƙasa Abuja, amma ciniki bai tashi ba. Jiragen ruwa suna tsayawa Apapa, tumatir da albasa da tattasai suna sauka kasuwar Mil 12. A layi guda kana iya jin Yarabanci, da Ibo, da Hausa, da Faransancin mutanen Kwatano.

A can, mai bi daga Arewa baƙo ne sau biyu. Bayarabe yakan ce masa Malam ko Aboki, ba ruwansa da ko shi Bajju ne ko Bagwari. In ya shiga cikin 'yan Arewa kuma, sunansa Bitrus ko Yohanna ya riga ya nuna shi. Da rikici ya tashi a Mil 12 cikin Nuwamba 1999, da Idi-Araba cikin Fabrairu 2002, an yi hasarar rayuka da dukiya, wuta kuwa ba ta tambayar sunan mai rumfa. Mu ma a Kaduna mun ɗanɗana wannan a shekarar 2000, sa'ad da kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabta. To, yaya mai bi zai zauna a irin wannan wuri?

Karatunmu ya kai mu Koranti. Ita ma birnin bakin teku ce a ƙasar Girka, tana da tashar jiragen ruwa gabas da yamma, cike da Romawa, da Helenawa, da Yahudawa. Wajen shekara ta 50 Bulus ya iso. Ya tarar da Akila da matarsa Bilkisu, 'yan gudun hijira, gama Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma. Sana'arsu ɗaya, ɗinkin tanti, sai ya zauna da su suna aiki. Shekara ɗaya da wata shida ya yi yana koyarwa. Da dare kuma Ubangiji ya hana shi jin tsoro, ya shaida masa yana da mutane da yawa a birnin.

'Yan'uwa, mu yi tunani. Wanda ya zo sayen tanti bai san Bulus manzo ne ba. Ɗinki zai duba. In ɗinkin ya warware cikin mako guda, wa zai saurari wa'azinsa ran Asabar?

Haka yake a Ikko. Manomi a Kura ko Zariya yakan ɗora kwandunan tumatir a mota, shi bai bi su ba. Dillali a Mil 12 ya sayar, ya aiko masa da kuɗinsa. Wata Bayarabiya ta ɗauki kaya bashi da safe, ta kawo kuɗi da yamma. Harshensu dabam, addininsu dabam, amana ce ta ɗaure su. Ranar da mutum ɗaya ya shimfiɗa ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando ya rufe da masu kyau, ba za a ce wane ne ya yi ba. Za a ce mutanen Arewa ne. In an san shi mai bi ne, sunan Ubangiji zai shiga ciki.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kai mai gadi ne, kada barci ko ƙwandala ta buɗe ƙofar da aka ba ka. In kana awo, mudunka ya cika wa Musulmi da Bayarabe kamar yadda yake cika wa ɗan ikkilisiyarku. Ka koyi gaisuwar masu gari, gama suna darajanta gaisuwa ƙwarai. Kada ka ɗauki haushin Kaduna ka sauke wa wanda kuke cin abinci a inuwa ɗaya. Ka nemi taron masu bi, yadda Bulus ya sami Akila.

Mu iyaye kuma, mu rage matsa musu da aiken kuɗi. Yaron da ake ƙirga masa abin da ɗan maƙwabci ya aiko, muna tura shi ga ha'inci da hannunmu.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, ka kiyaye 'ya'yanmu a hanya da cikin birni. Ka sa maganarsu ta zama abin dogara ga kowace kabila. Ka ba Ikko da Kaduna salama, cikin sunan Yesu. Amin.