Tsohuwar Kwamfutar Kawu da Waya Mai Zare Uku

Yau ba maganar sabuwar waya za mu yi ba. Baya za mu koma, zamanin da babu Xender, babu Bluetooth, kuma duk da haka ana tura fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ku ba ni minti goma, don wataƙila akwai irin wannan kwamfutar a gidanku, an rufe ta da zane ana ɗora mata kwanuka.

Bayan damina na je gida Shinaka, a ƙaramar hukumar Goronyo. Kawuna tsohon malamin makaranta ne, yana da wata tsohuwar kwamfuta mai Windows 98. Shekara da shekaru yana buga abubuwa a ciki: tarihin zuri'armu da ya ji daga bakin tsofaffin da yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, da iyakokin gonakin fadama na kakanmu, da sunayen shaidun da aka yi rabon a gabansu. To, maganar gado ta sake tasowa, takardar da ya taɓa fitarwa kuma gara ta cinye. Ya kira ni ya ce, "Kai da kake ta surutun kwamfuta a waya, zo ka fid da mini wanga abu."

Na ce, "Kawu, ai wannan mai sauƙi ne." Ashe na yi saurin baki.

Muka tada janareta, ta kama. Na soka filas, shiru, don Windows 98 ba ta gane filas sai an sa mata direba, mu kuma ba mu da hanyar shigar da direban. Wurin fulofi ƙurar hunturu ta gama da shi. Wurin CD karatu kawai yake yi, ba ya rubutu. Babu kafar intanet. Ga takardun muna kallo a allo, amma babu ƙofar fita. Rumbun cikinta kuma yana wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, wadda duk mai gyara ya san ba alamar alheri ba ce. Wani zai ce me ya sa ba ku ciro rumbun ba? Hanya ce, ana yi. Amma Kawu ya ce ba mai kwance masa ita, ni ma na ji tsoron in taɓa ta mutu a hannuna.

Sai na leƙa bayanta. Akwai wata 'yar kafa mai tsinke 9 a jere biyu, 5 sama 4 ƙasa. Kar ku rikita ta da kafar allo, ita waccan ramuka 15 gare ta a jere uku. Wannan mai tsinke 9 ita ake kira siriyal, kwamfuta kuma tana kiranta COM1. Ƙa'idar aikinta, RS-232, tun 1960 aka fitar da ita a Amurka, shekarar da Najeriya ta samu 'yanci. Wani abokina a Sakkwato yana da tsohuwar laftof mai Windows XP, ita ma da irin wannan kafar, kuma ita tana karɓar filas. Saura mu haɗa su.

Ga sirrin, ku saurara. A cikin tsinke taran nan, uku kawai muke buƙata. Lamba 3 shi ne baki, da shi kwamfuta take magana. Lamba 2 kunne ne. Lamba 5 kuma ƙasa, wato ma'aunin da su biyun za su tsaya a kai. In ka haɗa baki da baki, kunne da kunne, kowa na magana ba mai ji. Don haka sai a gicciya: 3 na wannan ya tafi 2 na waccan, 2 na wannan ya tafi 3 na waccan, 5 kuma ya miƙe zuwa 5. Turawa na kiran irin wannan waya null modem. Na sayi kawuna biyu masu ramuka a wurin masu gyaran kwamfuta a Sakkwato, wani mai gyaran rediyo ya liƙa mini da dalma. Lambobin suna rubuce ƙanana a jikin kan, ka duba da kyau.

Muka kashe kwamfutocin biyu tukuna, muka jona, sannan muka kunna. A kowace na buɗe HyperTerminal, wata manhaja da ke zuwa da Windows tun daga 95 har XP. Na zaɓi COM1, gudu 115200, sai 8, None, 1. Wurin Flow control na sa None, tunda zare uku kawai muke da shi. Dole saitin ya zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu. In ɗaya ta fi ɗaya sauri, shirme za ka gani a allo, kamar mutum biyu kowa na yarensa.

Na ce wa Kawu ya buga wani abu a tasa. Ya buga "salamu alaikum". Wallahi sai ga haruffan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a laftof ɗin da ke kan cinyata. Ya gyara tabarau, ya ce, "Ikon Allah! To amsa mini mana."

Daga nan sai Transfer, Receive File a laftof, Send File a tsohuwar. Zai tambaye ka tsarin turawa. Akwai XMODEM da Ward Christensen ya rubuta a 1977, akwai Kermit na Jami'ar Columbia a 1981, akwai ZMODEM na Chuck Forsberg a 1986. Ka ɗauki ZMODEM. Yana duba kowane gutsure, in ya lalace a hanya ya sake turo shi, kuma in turi ya yanke yana iya ci gaba daga inda ya tsaya. Mu da mai ke ƙare mana a janareta a tsakiyar aiki, kun san darajar wannan.

Gudu fa? Kar ku yi dariya. Kimanin kilobait 11 a daƙiƙa, wato megabait ɗaya minti ɗaya da rabi. Fim ɗin da masu turi ke sa maka a waya kafin ka gama gaisawa, nan sai ya kwana ya wuni. Amma rubutu ba shi da nauyi. Aikin Kawu gaba ɗaya bai kai megabait 6 ba. In ka ga kuskure ya yi yawa, ka rage gudun zuwa 57600 a duka biyun.

Sai matsala ta ƙarshe, wadda ta shafe mu Hausawa kai tsaye. Na buɗe fayil a laftof, sai na ga "ƙasa" ta koma "}asa", "haɗa" ta koma "ha]a". Gabana ya faɗi, na ɗauka turin ne ya ɓata. Ba shi ba ne. A wancan lokacin haruffa masu lanƙwasa ba sa cikin rubutun kwamfuta na yau da kullum, sai aka riƙa amfani da salon haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a shekarun 1990. Su suna ɗora ƙ, ɗ da ɓ a kan maɓallan alamomi. Don haka ka shiga foldar Fonts a cikin Windows ka turo salon shi ma. Mafi kyau, daga baya ka sa Word ya maye kowane } da ƙ, kowane ] da ɗ, yadda ko a waya zai karantu.

Kafin la'asar mun gama. Fayilolin suna filas, suna wayata, na tura wa 'yan'uwa uku, mun kuma buga a takarda. Ranar zaman gado Kawu ya karanta iyakokin da sunayen shaidu, biyu daga cikinsu suna raye, suka ce haka aka yi. Ba takardar ce ta yanke hukunci ba, amma ta tuna wa mutane abin da suka fara mantawa.

Bayan sati biyar Kawu ya bugo mini. Ya ce ta ƙi tashi, ƙarar ma ta daina.

Don haka in akwai tsohuwar kwamfuta a gidanku, ta baba ce ko ta wani yaya da ya taɓa buɗe shagon buga takardu, kar ka bari a sayar wa 'yan gwangwan kafin a duba cikinta. Ka tambayi mai ita me ya ajiye. Ka leƙa bayanta ka ƙirga tsinkayen. Kuma a wannan satin, ba bayan Sallah ba.

Mu kwana nan. Ku tura wa wanda kuka san babansa na da irinta. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.