Amsar Wasiƙunku: Gonar Bakin Gari, A Sayar Ko A Riƙe?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani bawan Allah, manomi a bakin garin Kazaure wajen hanyar Daura. Ya ce dillalai sun hana shi sakat, suna so ya sayar masu da gonar gado su yanka ta fuloti-fuloti, kuɗin da suka taya kuwa bai taɓa riƙe irinsa ba. Yana tambaya, ya sallama ko ya riƙe? Wasu daga Babura da Roni sun aiko da makamanciyarta, sai mu haɗa mu amsa.

To Malam, ka fara sanin abin da ya kawo dillali ƙofar gidanka. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 Kazaure ke ta buɗewa. Ga kwalejin Hussaini Adamu da gwamnatin tarayya ta karɓa a 2007, malamai da ɗalibai na neman muhalli. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, an zana shi ya ratsa ta Kazaure da Daura. Babura ma a 2021 ɗin aka ba ta jami'ar fasaha ta tarayya. Dillali ya hango abin da ke tafe, shi ya sa yake gaggawar ka dangwala hannu.

Sai maganar doka, wadda da yawanmu ba ma sani sai ƙafa ta shiga rami. Dokar ƙasa ta 1978, ta zamanin Janar Obasanjo, ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Wato kai abin da ke hannunka haƙƙin zama ne da amfani. Filin da aka ayyana cewa cikin gari yake, gwamna ne ke ba da takardarsa, kuma sai da yardarsa za a sayar. Na karkara kuwa yana ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Ga inda gizo ke saƙa: dokar ta hana a ɗauki gonar karkara a yayyanka ta fuloti haka kawai. E, na san kullum ana yi, mai unguwa ya shaida, a rubuta takarda, a raba goro. Amma takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai, ba ta maye gurbin ta hukuma ba. Saboda haka kafin komai ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku, ko ma'aikatar ƙasa a Dutse, ka tambaya ko gonarka ta shiga taswirar gari, ko akwai hanya ko wani aikin gwamnati da aka tsara a kanta.

Wannan yankan da dillalai ke yi, a Kano awon igiya ake ce masa. Duk wanda ya shiga unguwannin da suka tashi ta haka a Ungogo da Kumbotso ya ga sakamakon: lungun da ko amalanke ba ta wucewa, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta, maƙabarta ma sai an roƙa. Damina na sauka gidajen da aka gina a fadama da hanyar ruwa su ne farkon zubewa. Mu a Jigawa ambaliyar 2022 ta ishe mu darasi. In har za ka sayar, to a kawo safiyo na hukuma ya auna, a fitar da hanya mai faɗi tun kafin a kafa turaku. In gonarka ta yi iyaka da burtali, kada ka bari a ci ko taku ɗaya. Rigimar makiyaya kai za ta tarar, dillali ya riga ya tafi.

Mai wasiƙar Babura ya tambayi batun diyya. Gwamnati na da ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, kuma abin da doka ta ce a biya shi ne abin da ka dasa ko ka gina: amfanin gona, rijiya, ɗaki, itatuwa. Saboda haka ranar ƙidaya ka tsaya da kanka, a ƙirga ɗorawa da kuka da tsamiya da mangwaro ɗaya bayan ɗaya, a rubuta a gabanka. In kuma ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar da kake nomawa, doka ta ce ta ba ka wata madadinta. Ka nema, ba roƙo ba ne.

Shawarata gare ka Malam, kada ka sayar duka. Kuɗin fili in ya shigo, aure da babur da biki kan cinye shi kafin kaka biyu, ka koma ƙodago a gonar wani. Ka yanki ɓangaren bakin titi ka sayar, ka sayi wata gonar can ciki wajen Gwiwa ko Roni inda ƙasa ba ta yi tsada ba tukuna, ka kuma riƙe ko fuloti biyu saboda 'ya'ya. Kuma tunda ka ce gonar gado ce, a fara zuwa gaban alƙali a raba, kowa ya san kasonsa, har 'yan'uwanka mata da ke gidan aure. Cinikin da aka ƙulla babu yardar magaji ɗaya, kotu na iya warware shi ko da mai saye ya kai gini linta.

Wasiƙar da ta zo daga Gwiwa kan jinginar gona, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.