Ruwan da Aka Zubar Bai Gama Aiki Ba



Maganata ta yau a kan ruwan da muke zubarwa ce, watau na wanka da wanki da alwala. A ganinmu ya gama aikinsa, alhali kuwa da sauran amfani a cikinsa.

A birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, tun 1986 ake tsamo ɗumi daga ruwan kwatami bayan an tace shi. Injin da ke wannan aiki ɗan'uwan firji ne, yana zuƙe zafi daga wuri guda ya kai wani. Zafin ya tafi ɗumama gidaje, ruwan da ya huce kuwa a sanyaya ofisoshi da shi. Birnin Vancouver na Kanada ma ya soma ɗumama wata unguwa da ruwan kwatami a 2010. Ribarsu ita ce sun rage ƙona mai, sun rage hayaƙin da ke ɗumama duniya.

To, mu a Haɗejiya hunturu ba ya daɗewa. Abin da ke gallabarmu zafin bazara ne, wanda kan wuce digiri 40. Manyan bututun ƙarƙashin ƙasa da wancan inji ke bukata ba mu da su, amma muna da hikimar randa: ruwa ya tsattsafo, iska ta shanye shi, zafi ya bi shi. Da ita marigayi Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse, ya sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har gautar da kan lalace a kwana 3 ta kai kwana 27. Ya sami lambar Rolex a 2000.

Itace ma haka yake yi. Ya sha ruwa ta saiwa, ya fitar da shi ta ganye, ɗakin da ke inuwarsa ya yi sanyi ba tare da janareta ba.

Saboda haka ina roƙo ku umarci dagatai da masu unguwa, kowane masallaci da makaranta a ja wa ruwan alwala hanya zuwa gindin darbejiya, a gabas da yammacin gini inda rana ke dukan bango. Ruwan masai kada a haɗa da shi. Kada kuma a bar ruwa ya kwanta, gama kwantaccen ruwa gidan sauro ne. Malamai su rubuta yawan itatuwan da aka dasa, da waɗanda suka rayu.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.