Gurnanin Jita da Ƙonewar Lasifika: Jawabin Ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram



Da aka ce mu ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram mu kawo jawabi, wasu sun zaci tarihin duwatsunmu za mu karanto. To, lalle da duwatsun za mu fara, amma ba a nan za mu tsaya ba. Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Mesa ya san ban da zanen shanun da mutanen da suka bari, akwai duwatsun da in an buga su sai su yi amo kamar ƙararrawa. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a 1956. Abin sha'awa, a wannan shekara ce aka ba wasu Amurkawa uku, Bardeen da Brattain da Shockley, kyautar Nobel saboda ƙirƙiro tiransista da aka yi a 1947. Watau kakanninmu sun nemi amo a jikin dutse, mu kuwa yanzu muna nemansa a jikin ɗan silikon wanda bai kai ƙwayar gero ba.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wata asara da muka yi a hutun bara. An gayyace mu wasa a wani biki a Gwaram, muka ari amfilifaya da lasifika biyu, muka jona jita. Mai kaɗa jitar yana son irin gurnanin nan da ake ji a kiɗan Bombino na Agadas ko Mdou Moctar, sai muka murɗe ƙara har ƙarshe. Gurnani kam ya samu. Kafin a yi sallar isha'i ƙauri ya tashi, lasifika guda ta yi shiru. Kuɗin da muka yi karo-karo muka biya, da shi wasunmu za su yi rajistar zango. Mun ɗora wa janareta laifi, mun ɗora wa mai kayan, daga baya da muka koma ga littattafanmu sai muka tarar laifin namu ne.

Bari mu yi bayanin abin da ya auku. Sautin da ke fitowa daga jita wuta ce 'yar ƙanƙanuwa mai hawa da sauka, galibi ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu bisa goma na bolt ba. Aikin amfilifaya shi ne ta ɗaga wannan hawa da sauka ba tare da ta sake masa kama ba. Amma kowace amfilifaya tana da iyaka, domin ba ta iya ba da abin da ya fi wutar da aka ba ta. Ku ɗauki misalin ma'auni a kasuwa. In aka ci gaba da zuba hatsi bayan mudu ya cika, sai ya yi tozo, sauran ya zube a hankali. Haka amfilifaya irin ta da, mai kwalaben nan masu jan haske, take yi: tana lanƙwasa kan sautin sannu-sannu, kunne ya ji daɗi. Ita kuwa mai tiransista, kamar mai awon da ya sa tafin hannu ya share kan mudu ne, yanka ɗaya. Sautin da aka share wa kai haka yana haifar da waɗansu sautuka masu tsini da ba a kaɗa su ba, kuma ƙarfin da yake turawa kan iya kusantar ninki biyu. Amfilifaya mai wat 50 sai ta riƙa ɗura wa lasifika abin da ya doshi wat 100. Siririyar wayar da aka naɗa a cikin lasifikar ta yi zafi, ta ƙone. Ƙaurin da muka ji ke nan.

Kada wani ya ce ai gurnanin kansa shi ne ɓarna. Mu ba mu yarda da haka ba. Kunnen Bahaushe bai taɓa ƙin sauti mai kaushi ba. Ku tuna da algaita da kakaki a ƙofar fada. Ku tuna da kukan goge, wanda izgar doki ce ke gogar 'yar'uwarta, ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, ko gurmin Haruna Uji na Haɗeja. Makaɗanmu har 'yan ƙarafa sukan maƙala a kan abin kiɗa don sautin ya riƙa tsatsa. Turawa ma a kan kuskure suka gano daɗin abin. A birnin Nashbil na Amurka wata na'ura ta lalace ana cikin ɗaukar waƙar Marty Robbins da ta fito a 1961, jitar ta yi gurnani, jama'a suka so shi. Injiniyan da ke wurin, Glenn Snoddy, ya ƙera 'yar na'ura mai tiransista da za ta riƙa kawo wannan sauti da gangan, kamfanin Gibson ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. A 1966 aka yi Fuzz Face a Ingila, mai tiransista biyu kacal, wadda Jimi Hendrix ya yi suna da ita. Tiransista biyu, jama'a! Mu kuwa muka ƙona lasifika sukutum.

Dabarar ita ce a yi yankan tun sauti yana ƙarami, kafin ya isa sashen da ke ba da ƙarfi. A sa tiransista ɗaya, irin BC548 da ake samu wurin masu kayan rediyo a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta ɗaga sautin jita ya kai bolt biyu ko uku. Bayanta a jera dayod biyu irin 1N4148, ɗaya ta dubi gabas ɗaya ta dubi yamma. Dayod ta silikon ba ta buɗewa sai wuta ta kai wajen kashi 6 bisa 10 na bolt, saboda haka duk abin da ya haura wannan sai ta zubar da shi ƙasa. A ƙara 'yar kafasita da za ta rage tsinin, sannan a sa abin murɗawa a ƙarshe. Ta haka za a sami gurnani ko da an rage ƙara yadda jariri zai yi barci a ɗakin, babbar amfilifaya kuwa tana aikinta cikin natsuwa.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Masu sha'awar wannan sana'a a Turai suna yabon tiransista ta jamaniyam, irin wadda aka sa a na'urorin farko, suna cewa ta fi taushin murya. Gaskiya ne, amma jamaniyam ba ta jure zafi. Da ta ɗumama sai wuta ta riƙa yoyo a cikinta, sautin ya sake. Wanda ya san ranar watan Afrilu a kan hanyar Gwaram ya san abin da za ta tarar a cikin akwatin ƙarfe. Mu dai silikon muka zaɓa, ko da za a ce ba mu da kunne.

Shin a farke cikin amfilifaya a dasa wannan, ko a yi masa akwati dabam? Mun yi gardama a kan haka har dare ya raba. Masu son a dasa a ciki sun ce waya ta ragu. Amma cikin amfilifaya akwai wutar gida mai bolt 230, akwai kuma manyan kafasita da ke riƙe wuta ko bayan an zare soket, sun isa su jefar da ƙato. Akwati dabam kuwa batir mai bolt 9 ya ishe shi, in an yi kuskure tiransistar 'yan nairori ce ta tafi. Ga shi kuma kayan aro ne. Ba a yi wa rigar aro aska. Nan muka tsaya.

Babban burinmu ma ba jita ba ne. Abin ɗaukar sauti na jita maganaɗisu ne, sai da tsirkiyar ƙarfe yake aiki, don haka ba ya jin izgar goge. Amma akwai ɗan faifan nan mai kama da kwabo da ke cikin agogo mai ƙara, wanda in an matsa shi yakan ba da wuta. In aka manna shi a jikin ƙwaryar gurmi ko kukuma, aka sa masa tiransista irin FET a gaba don kada sautin ya sirance, to makaɗin ƙauye ya sami abin da zai cika fili da shi ba tare da ya tsugunna gaban makirfo ba. Mun gwada a kan wani tsohon gurmi. Sautin ya fito, sai dai har motsin rigar makaɗin yana ɗauka, kuma in an matso kusa da lasifika sai ta kama ihu. Ba mu shawo kan wannan ba tukuna.

Gargaɗi guda: ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum ya yini a cikinta yau da gobe, tana cin kunne, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Yara ne ke zama dab da lasifika a wurin biki, ƙannenmu ne.

Roƙonmu ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai shi ne a ba mu aron tsohuwar amfilifayar nan da ke jibge a sito, wadda gefe ɗaya kawai ke aiki, da ɗaki mai soket ranar Asabar. Mun yi alkawari ba za mu kwance ta ba sai malamin ɗakin gwaji yana tsaye. Wanda ke da abin narka dalma ya zo da shi, domin namu guda ɗaya ne, kuma bakinsa ya cinye.