Jawabi Kan Gyaran Muryar Rediyo a Taron Ƙungiya



Mu da muka baro Kano, Katsina da Sakkwato muka zo fatauci nan gindin dutsen Zuma, rediyo ne ya riƙa kawo mana labarin gida. BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. To amma yau dattijo zai kunna akwatinsa, ba ya jin komai sai shuuu. Yaranmu masu harhaɗa rediyo da hannu su ma kukan da suke yi ke nan. Kafin a ce akwati ya mutu, a duba abu huɗu.

Na farko, wuta. Janareto, cajar waya da ƙwan lantarki mai araha duk suna watsa hayaniyar da gajeren zango ke kwasa. A sa batir, a matsa nesa da soket, za a ji bambanci nan take.

Na biyu, eriya. Wayar tagulla mai tsawon mita 10 zuwa 15, a ɗaure ta sama a tsakar gida, ta fi sandar jikin rediyo nesa ba kusa ba. Da rana a nemi tasha a mita 16 ko 19, da dare a koma 31, 41 ko 49.

Na uku, lasifika. Idan tana tsirara a kan tebur, murya siririya za ta fito. A yi mata akwatin katako, sai muryar ta yi kauri.

Na huɗu na masu haɗawa ne. Ƴar na'urar nan LM386 tana ninka sauti sau 20. In aka sa mata kafasita tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, sai ta kai 200, amma har da shuuu ɗin take ninkawa. In ƙarar ta yi yawa, a cire.

Sai gargaɗi, don Allah a saurara. Kada yaro ya ratsa eriya kusa da wayar wutar lantarki. In hadari ya taso da damina, a zare ta daga jikin rediyo saboda tsawa. Rai ya fi labari.

Muna roƙon ƙungiya ta ware rana guda, masu gyaranmu su zauna da yaran nan su koya musu. Sana'a ce. Allah ya sa mu dace, amin.