Ma'aikacin Gwamnati da Allon Arduino



Kowa ya san labarin na'urar da aka sayo da kuɗin jama'a, ɗan kwangila ya girka ya kama gabansa, ta tsaya, aka kai ta sito. Sau da yawa fis ne ya ƙone ko waya ta kwance, amma ba mai ƙarfin halin buɗe murfin. Wannan tsoro nake so a cire wa ma'aikaci.

Hanya mafi sauƙi ita ce allon Arduino. An ƙirƙire shi a 2005 a garin Ivrea na Italiya, domin ɗaliban zane waɗanda ba injiniyoyi ba. Samfurin Uno na ɗauke da 'yar ƙwaƙwalwa mai suna ATmega328P, tana aiki da bolt 5, ma'ajiyar umarninta kilobait 32 kacal. Hoto ɗaya na wayarku ya fi ƙarfinta. Duk da haka tana karanta ma'auni, ta yanke hukunci, ta kunna ko ta kashe, dare da rana.

Darasin farko shi ne sa 'yar fitila ta riƙa ƙiftawa. Kada ku raina shi. A nan mai koyo yake gane dalilin sa resista mai om 220 kafin fitilar, don kada wuta ta yi mata yawa ta ƙone, ya kuma ga cewa layin da ya rubuta a kwamfuta ya motsa abu a zahiri.

Daga nan sai aikinmu. Yawancin allurar rigakafi ana ajiye ta ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyos. Idan an ɗauke wuta da tsakar dare a asibitin ƙauye, wa zai sani? Ma'aunin zafi na DS18B20 a cikin firji, da allo, da ɗan akwatin da ake sa wa layin waya, sun isa su tura wa jami'i saƙo kafin maganin ya lalace. Haka ma tankin rijiyar burtsatse: ya cika, famfo ya tsaya da kansa.

Sai dai a yi hattara. Abin da ka haɗa a teburinka ba zai maye gurbin ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance ba. Ƙararrawa ce ta ƙari. Kuma mai koyo ya tsaya a kan batir, ya bar wutar bango ga ƙwararrun masu aikin lantarki.

Babbar ribar, a ganina, tana ɗakin tantance kwangila. Wanda ya taɓa haɗa irin wannan da hannunsa zai tambayi ɗan kwangila: idan wuta ta dawo, na'urar za ta tashi da kanta? Ina ake samun kayan gyara? A hannun wa rubutun umarnin zai zauna? Ina roƙon shugabannin ma'aikatu su sa waɗannan tambayoyi uku a takardar kwangila ta gaba.